Tambaya da Amsa: An ce an tantance kwantiragin da lissafi, kuɗina sun tsira kenan?

TAMBAYA: Salam Malam. Ina ɗan taɓa harkar kirifto, akwai wani furojet da nake so in zuba kuɗi, sun rubuta wai an tantance kwantiraginsu ta hanyar lissafi. Dan Allah me hakan ke nufi, shikenan ba mai iya sace kuɗin? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Shi wannan kwantiragi kod ne, wato rubutaccen umarnin kwamfuta, da aka ɗora kan bulokcen, wato kundin intanet da ake rubuta hada-hadar kirifto a ciki, yana riƙe da kuɗin jama'a yana rabawa bisa sharaɗin da aka rubuta masa, ba alƙali ba mai unguwa da za ka kai wa ƙara, kuma in ya hau gyaransa sai an sha wuya.

A watan Yunin 2016 aka ga illar haka a The DAO, wani asusun zuba jari na haɗaka da ke kan bulokcen ɗin Ethereum. Kod ɗin yana fara tura maka kuɗi sannan ya rage balans ɗinka, sai wani ya dinga sake neman cira tun kafin a rubuta na farkon, kamar uwar adashi ta ba ka kwasa ba ta shigar a littafi ba ka zagayo ta sake ba ka, haka ya janye ether, kuɗin kirifto na Ethereum, kusan miliyan 3.6, rigimar da ta biyo baya ce ma ta raba Ethereum gida biyu har aka samu Ethereum Classic.

To ita tantancewar, ana fara rubuta ƙa'ida da harshen lissafi, misali ba wanda zai cire fiye da abin da ya saka, sannan a kafa hujja cewa duk ta inda aka bi kod ɗin ba zai karya ta ba. Gwaji na yau da kullum hanyoyin da mutum ya tuna kawai yake bi, alhali in ɓangarori da yawa suna aika wa juna saƙo, wanne ya riga wanne kaɗai ya isa ya haifar da hanyoyin da ba sa ƙirguwa. Injiniyoyin Amazon da suka yi aiki da TLA+, wani harshen rubuta irin wannan ƙa'ida da masanin kwamfuta Leslie Lamport ya ƙirƙira, sun kama kuskure a rumbun adana bayanansu mai suna DynamoDB wanda sai an yi taku 35 a jere yake fitowa, wa zai hango wannan da ido?

Sai dai abin da aka rubuta kaɗai hujjar ke karewa, kuma nan ne nake jiye wa matasanmu tsoro. A Maris 2022 an kwashe sama da dala miliyan 600 daga gadar Ronin, wato manhajar da ke tsallakar da kirifto tsakanin Ethereum da bulokcen ɗin Ronin, makullai 5 cikin 9 na masu sa hannu ɓarayin suka mallaka, kod ɗin kuwa ya bi umarni yadda aka tsara shi.

Kafin ka tura ko kwabo ka nemi rahoton tantancewar ka karanta, waɗanne ƙa'idoji aka tabbatar, ko adireshin da ke ciki shi ne wanda za ka tura wa kuɗi, kuma mutum nawa ke riƙe da makullin canza kod ɗin. In sun ƙi nuna maka rahoton, riƙe kuɗinka.