Amsa ga 'yata a kan aikin jinya da abin da Turawa suka bari

'Yata, saƙonki ya iso ni, inda kike tambaya ko da gaske ne a al'adarmu 'yar gidan mutunci ba ta aikin nas, kamar yadda baffanninki suka faɗa da kika nuna sha'awar shiga makarantar koyon jinya. Amsata ita ce ba jinya iyayenmu suka ƙi ba, sun ƙi siffar da aikin ya zo musu da ita ne.

Tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar Hausa muna da ungozoma mai yanke cibi, da wanzami, da maɗori, kuma babu gidan da ake barin mara lafiya ya kwana shi kaɗai. Da Turawa suka ci ƙasar nan a 1903, asibitocinsu na farko na jami'ansu da sojojinsu ne, kuma wani kaso mai yawa na aikin kula da talaka ya faɗa hannun 'yan mishan, a wurare irin su Wusasa kusa da Zariya, da Vom a Filato, da sansanonin kutare irin na Yadakunya a Kano. Saboda haka uba ya riƙa ganin cewa tura 'yarsa koyon jinya tamkar miƙa ta ga wani addini ne. Ga kuma gajeriyar farar riga da 'yar hula a kan gashi a buɗe, ga aikin dare a ɗakin maza, ga darasi da Turanci. Wane uba ne a wancan zamani zai amince?

Tsarin ma kansa na Ingila ne aka kwafo. An kafa hukumar rajistar ma'aikatan jinya a 1947, amma manyan muƙamai na sistoci Turawa ne, wato manyan nas-nas, 'yan ƙasa kuwa su yi wanki da shara da ɗaukar fo. Sai a 1964 'yar Najeriya ta farko, Kofoworola Pratt, wadda ta yi karatu a asibitin St Thomas na Landan, ta zama shugabar ma'aikatan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan. Abin da ya fi damuna shi ne halin da wannan matakala ta bari, wato na sama ya daka wa na ƙasa tsawa, na ƙasa kuma ya sauke a kan majinyaci. Ki dubi yarinya mai cikin fari da aka kawo daga ƙauye: kunya ta hana ta faɗin inda yake mata ciwo, ana rubuta bayaninta da harshen da ba ta ji, sannan a kori uwarta waje da sunan lokacin ziyara ya wuce, alhali wannan uwar ce mai shimfiɗa tabarma a baranda, ita ke dama kunu, ita ke juya mara lafiya cikin dare.

An yi gyara, kuma ya kamata baffanninki su sani. Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin jinya a 1965, aka daina kallon nas a matsayin 'yar aiken likita kawai. A 1979 aka haɗe hukumar jinya da ta ungozoma. Hukumar ta amince wa Musulma ta sa hijabi a bakin aiki, kuma doguwar riga da wando sun zama ruwan dare a asibitocin Arewa. Jihohi irin su Jigawa da Katsina da Yobe sun riƙa ɗauko 'yan mata daga karkara, a horar da su, su koma yi wa garuruwansu aiki.

Sai dai kada ki ɗauka duk abin da muka gada alheri ne. Likitocin Zariya sun daɗe da nuna alaƙar kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciya ga masu jego, kuma tsohuwa ba za ta saurari wannan magana ba sai daga bakin wadda ta durƙusa ta gaishe ta da harshenta. Ki nemi takardar shiga makarantar. Ni da kaina zan je in sami Baffa babba bayan sallar Juma'a, kuma zan fara masa da tambayar wa yake so ya karɓi haihuwar surukarsa.