Ina da ciwon ƙoda mataki na 2, ko ya halatta a juya min mahaifa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jarwal, nan Makka, 'ya'yana biyu. Bayan haihuwata ta biyu aka gano ina da hawan jini da furotin a fitsari. Likita ta ce ciwon ƙoda ne mataki na 2, ta ɗora ni a kan maganin hawan jini mai suna losartan. Tsoro ya kama ni, so nake a juya min mahaifa in huta. Maigida kuwa ya ce ko ƙwayar tazara bai yarda ba, a yi tawakkali. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumussalam. Allah Ya ba ki lafiya, 'yar uwa. Ke da maigidan kowa ya ɗan zarce.

Mu fara da naki. Juya mahaifa yanke haihuwa ne har abada, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta haramta shi sai da larura ta haƙiƙa. Mataki na 2 yana nufin awon tacewar ƙodarki yana tsakanin 60 da 89, wato har yanzu tana aikinta. Likitocin ƙoda sun tabbatar cewa akasarin mata a mataki na 1 da na 2 suna sauka lafiya, ƙodar ba ta ƙara lalacewa ba, muddin an shawo kan hawan jini. Haɗarin yana tsananta ne daga mataki na 3 zuwa sama. Fargabar kada a kai ki ga wankin ƙoda abin fahimta ce, amma fargaba kaɗai ba ta kai larura ba.

To, sai maigida. Ciki yana ƙara wa ƙoda aiki da kusan kashi 50 cikin 100, kuma abubuwa biyun da kika ambata, hawan jini da furotin a fitsari, suna ƙara haɗarin jijjigar masu ciki, da haihuwar bakwaini, da jariri marar nauyi. Sannan losartan ɗin da kike sha yana illata ƙodar ɗan tayi. Saboda haka jinkirta ciki a halin da kike ciki halas ne, ni a wurina ma wajibi ne har sai likita ta canza maganin zuwa irin su labetalol ko nifedipine, jinin kuma ya daidaita. Allah Ya ce a Baƙara, aya ta 233, kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Jabir (RA) ya ce sun kasance suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Asali ana neman yardar miji a sha'anin tazara, amma haƙƙinsa bai kai ga abin da zai cutar da ke ba. Tawakkalin da yake faɗa, ai shi ma ba ya fita Harami da azahar cikin zafin rana ba tare da lema da gorar ruwa ba.

Kada ki yi a ɓoye, ɓoyon ya fi ciwon rusa gida. Ku je asibiti tare ya ji daga bakin likita, ita za ta zaɓa miki hanyar da ta dace, don ƙwayar da ke ɗauke da sinadarin estirojin ba ta dace da mai hawan jini ba. Akwai robar damtse, akwai ta mahaifa. Idan lokacin ɗaukar cikin ya yi, a fara awo da wuri. Galibi ana ba irinku asfirin ƙarami daga mako na 12.

In kuma kika wayi gari da ciki kina kan losartan, wannan ba hujjar zubarwa ba ce, mashhurin mazhabar Malik ma bai yarda da zubarwa ba ko kafin kwana 40. Ki garzaya wurin likita a ranar a canza maganin.

Wallahu a'alam.