Laftof mai zafi: kafin ka kashe kuɗi a kan fes, duba waɗannan tukuna

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun daren jiya na ga tambayarka, ba mu da wuta ne a Tudun Wada shi ya sa sai yanzu. Idan na fahimce ka, laftof ɗinka 'yar gwanjo ce mai Core i7, kana zane da AutoCAD a kanta a Poli, zafinta yana kai digiri 97, fanka na ta ihu, wani lokaci ma ta mutu da kanta. Ka kai wa mai gyara ya canja mata fes, wato man nan da ake shafa wa furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta yi lafiya sati uku sannan ta koma gidan jiya. Kana tambaya wane fes za ka saya, har wani ya ce maka likwid metal, wato ƙarfe mai ruwa-ruwa da ake shafawa maimakon fes, ya fi kowanne.

Na daɗe ina buɗe nawa da na abokai, kuma na yi ɓarna kafin na iya. Kada ka sayi komai tukuna.

Digiri 97 kaɗai bai isa ya tayar maka da hankali ba. Yawancin furosesar Intel ta laftof iyakarta digiri 100 ne, idan ta kusa nan sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Shi ne kake ganin sistem ya yi nauyi ana tsakiyar aiki. Abin da ya fi damuna a maganarka shi ne mutuwar da take yi, don laftof mai lafiya rage gudu take yi ta ci gaba da aiki. In har tana ɗaukewa, ko dai zafin ba ya fita gaba ɗaya, ko kuma matsalar daga batir ko caja take, ana ɗora wa zafi laifi. Sauke HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, kyauta ce. Ka bar sistem minti goma ba ka yin komai, ka rubuta zafin, sannan ka buɗe aikinka mai nauyi ka sake dubawa. Kada ka tsaya a kan lamba ɗaya, ka kalli zafin kowane ko, wato rassan furosesar da za ka gani a jere. Idan wani yana 97 wani yana 80, hitsink, wato ƙarfen da ke kan furosesa yana janye zafi, bai zauna daidai ba ne, ko fes ya gudu daga gefe guda. Ka leƙa Task Manager na Windows kuma, inda ake ganin manhajar da ke cin ƙarfin furosesa. Na taɓa kwance wata laftof tas, ashe wata manhajar sata da mai ita ya sauke ce take cin furosesa dare da rana.

Sai ƙura, wadda ita ce babbar cutar kwamfuta a garin nan na Kaduna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana ɗura mata ƙura, ba wanda ya lura saboda gari da sanyi. Da bazara ta kama a Maris da Afrilu sai kowa ya fara kuka. Ƙurar ba a fukafukan fanka take taruwa ba kawai, tsakanin fanka da ɗan lagireton nan na bakin mafitar iska take yin dunƙule kamar auduga, kuma ba ka ganinta sai ka cire fankar. Sa hannunka a mafitar. In fanka tana ƙara amma iska ba ta fitowa da ƙarfi, ka gano wurin. Tsohon buroshin haƙori ya isa. In za ka hura da bulowa, danne fankar da yatsa. Ni ban danne ba a karon farko, na bar ta tana ta juyawa ina jin daɗin ƙarar, bayan kwana biyu ta fara gurnani, sai da na sayi wata.

Idan kuwa iska tana fitowa da ƙarfi amma da sanyinta alhali furosesa na tafasa, to zafin ba ya isowa lagireto. Nan ko fes ne, ko bututun jan ƙarfen da ya taso daga furosesa ne ya mutu. Bututun nan ba dunƙulallen ƙarfe ba ne, akwai ɗan ruwa a rufe a cikinsa, ya zama tururi a wajen furosesa, ya huce a wajen fanka, ya dawo. In ya huje ko an lanƙwasa shi wajen gyara, shi ke nan. Gwajinsa da sauƙi: cire shi, tsoma baki ɗaya a ruwan zafi, ka riƙe ɗayan. Mai lafiya cikin 'yan daƙiƙu za ka ji zafi a yatsa. In bai yi ba, ko fes ɗin zinariya ka shafa aikin banza ne, hitsink za ka nema a wajen masu sayar da ɓaraguzan laftof.

Yanzu maganar sati ukun nan, don ita ce ta fi ba ni haske. Furosesar desktof tana da murfin ƙarfe a kanta. Ta laftof tsirara take, ɗan ƙaramin gilashin nan mai sheƙi shi ne yake taɓa jan ƙarfe kai tsaye. Duk lokacin da ta yi zafi ta huce, ƙarfen yana buɗewa yana tsukewa, a hankali sai ya matse fes mai ruwa-ruwa ya turo shi gefe, tsakiya ta zama fayau. In ka buɗe taka ina kyautata zaton abin da za ka tarar ke nan. Kuma ban ga laifin mai gyaranka sosai ba. Yawanci abin da ke kan teburinsu farin nan ne ko ruwan toka na cikin babban gwangwani irin su HY510, wanda ake shafa wa kwamfuta hamsin bai ƙare ba. Araha ba ta ado. Ya fi dai wanda na taɓa tararwa a laftof ɗin wani ɗan'uwa, man goge baki aka shafa mata, ya bushe ya zama kamar alli.

Ka san aikin fes kuwa? Ba sanyaya komai yake yi ba. Cike 'yan ramukan da ido ba ya gani yake yi tsakanin furosesa da hitsink don kada iska ta zauna a wurin. Jan ƙarfe yana ɗaukar zafi kusan 400 a ma'aunin W/mK, iska ba ta kai ko 0.03 ba, fes kuma yana can ƙasa da ƙarfe nesa ba kusa ba. Shi ya sa sirantarsa ake so, ba yawansa ba. Lambar da ake bugawa a jikin kwali kuma kada ta ruɗe ka, kowa da yadda yake aunawa, za ka ga na ɗari biyar ya rubuta lambar da ta fi ta mai tsada.

Ga laftof ɗin ofis mai cin wat 15, Arctic MX-4 ko Noctua NT-H1 sun wadatar, ba sa ɗaukar lantarki, ko ya zuba a gefe ba komai. Ga irin taka da ke zama sama da 90 kullum, mai kauri nake so, irin MX-6 ko Thermalright TFX, duk da TFX yana da wahalar shafawa, kamar ƙulli yake. Kryonaut yana da suna kuma yana bada lamba mai kyau a ranar farko, amma ba ya son dogon zama a zafin da ya wuce 80, ni na daina sa shi a laftof. Jabu sun yi yawa, musamman na MX-4. Arctic suna sa lambar tantancewa a kwalinsu, ka duba ta kafin ka biya.

Wanda ni nake amfani da shi yanzu shi ne PTM7950 na Honeywell. Ba mai ba ne, ɗan falle ne siriri, kaurinsa kusan rubu'in milimita. A sanyi yana da tauri, idan ya kai wajen digiri 45 sai ya narke ya bi ramukan, in ya huce ya sake daskarewa a inda yake, don haka matsewar da na faɗa ba ta cika korarsa ba. Sai dai a intanet ake yawan samunsa, kuma shi ma akwai jabu. Sa shi a zafin Kaduna sai da dabara, don tun a hannunka yake fara laushi. Ajiye shi a firij na ɗan lokaci, in babu wuta ka ɗora ledarsa a kan ƙanƙara. Yanka shi daidai girman gilashin, ɓare leda ɗaya, manna, danna a hankali, sannan ka ɓare ta saman. Ranar farko kada ka yanke masa hukunci, sai ya yi zafi ya huce sau da yawa yake zama.

Likwid metal kuwa, ka rabu da shi. Gaskiya ne ya fi su duka ɗaukar zafi, shi ya sa yake cikin PlayStation 5 da wasu laftof ɗin Asus ROG, amma su a masana'anta aka yi masa shinge. Galiyam ne a cikinsa, yana ɗaukar lantarki, yana cinye alminiyam, kuma ruwa ne. Kai da za ka jefa sistem a jaka ka hau keke zuwa Kawo, ɗigo ɗaya ya gangara kan bod, wato babban allon lantarkin cikinta, an gama. Garin neman gira a rasa ido.

In za ka yi aikin da kanka, cire waya ta batir daga bod kafin komai. Goge tsohon fes da sifirit mai ƙarfi, isofurofil 90 ko sama in ka samu, ka bari ya bushe. Ɗigon nan guda a tsakiya da ake nunawa na desktof ne. A laftof shimfiɗa shi siriri ya rufe gilashin har kusurwoyi, da na girafik, wato cif ɗin da ke sarrafa hoto, in akwai. Sukurorin hitsink suna da lamba 1, 2, 3, 4 a jiki, bi su a jere kana ɗaurewa kaɗan-kaɗan, kada ka ƙure ɗaya ka koma wani. In ka ɗaga hitsink bayan ka ɗora, sake shafawa.

'Yan katifun roba masu laushi da za ka gani a kan ƙananan cif, in ba su yage ba ka bar su. Nan na fi shan wahala. Na taɓa cire na milimita 1 na sa na 1.5 don ina ganin mai kauri ya fi, ashe ya ɗage hitsink daga kan furosesa, zafi ya fi na da. Kwana biyu ina zargin fes. Ka tambayi mai gyaranka ko ya taɓa su.

Kafin kayan su iso, shiga saitin wuta na Windows, wajen iyakar ƙarfin furosesa, ka mayar da 100 zuwa 99. A yawancin sistem wannan yana kashe Turbo Boost, wato ƙarin gudun da furosesa take yi da kanta, gudu zai ɗan ragu amma zafin zai sauka sosai, za ka iya gama zanenka. Ka daina ɗora ta a kan katifa ko darduma, ka ɗaga bayanta da murfin gora biyu. Sannan ka turo mini lambar model da ke ƙarƙashinta, da hoton HWiNFO lokacin da take aiki, da hoton fes ɗin yadda ka tarar da shi kafin ka goge.