Filin Tambayoyinku: Ko Huda Bonet Zai Rage Zafin Injin Turbo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da a-kori-kura mai injin gas (wato dizal) da turbo, wadda nake ɗauko buhunan masara da ita daga Saminaka zuwa cikin garin Kaduna. Tun da bazara ta shigo, duk lokacin da na tsaya na ɗaga bonet sai huci ya buge ni a fuska, tiyoyin roba sun fara bushewa, kuma allurar zafi tana hawa idan na shiga cunkoson Kawo ko ina hawan tudu da kaya. Wani mai gyaran bodi ya ce in kawo ya yanka mini tagogi biyu a kan bonet, wani bakanike kuma ya ce a sa washa a ɗaga bayan bonet ɗin kawai. Wace shawara ce daidai? Daga wani mai karatu a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A cikin tambayarka akwai zafi iri biyu da ya kamata a raba su tun farko, domin maganin ɗaya ba ya warkar da ɗayan. Hucin da yake bugunka idan ka ɗaga bonet zafi ne na iskar da take kewaye da inji, kuma a motar turbo ba abin mamaki ba ne, tun da hayaƙin da yake juya turbo (na'urar da take matsa ƙarin iska cikin inji) a injin gas yakan kai digiri 600 zuwa 700 a ma'aunin Salshiyas idan mota tana jan kaya. Allurar da take gabanka kuwa ba ta san da wannan iskar ba, zafin ruwan da yake zagaya cikin inji take aunawa. Taga a kan bonet tana iya rage na farko sosai, amma idan allura tana hawa, to akwai abin da ya gaza a hanyar sanyaya inji, kuma kamfanin da ya ƙera motar ya yi ta ne ta yi aiki a ƙasashe masu zafi da bonet ɗinta a rufe.

Saboda haka, kafin a ɗora abin yanka a kan ƙarfe, ka sa a duba lagireto ciki da waje. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin hatsi suna toshe ƙananan ramukansa, musamman tsakaninsa da na'urar sanyaya ɗaki da take gabansa, inda ido ba ya kaiwa sai an kwance. Ruwan rijiya ko na famfo da ake ɗura masa yana barin tsatsa da ƙasa a ciki. Murfin lagireto ma yana da aiki babba, domin shi yake riƙe matsin da yake hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120, kuma idan robarsa ta mutu ruwan zai riƙa tafasa da wuri. Sai fanka: a yawancin irin waɗannan motoci tana da kuloci mai wani mai na musamman a cikinsa, wanda yake kama ta da ƙarfi idan zafi ya ƙaru, kuma idan man ya tsiyaye za ka ga tana juyawa amma ba ta jan iskar kirki. Yadda ka ce allurar tana hawa a cunkoso ya sa na fi zargin fankar, ko kuma gidan robar da yake kewaye da ita, wanda sau da yawa ake cirewa lokacin gyara ba a mayar ba. Idan kuma an taɓa cire maka tamostat, kamar yadda ya zama al'ada a garejinmu, ka sa a mayar da shi, domin aikinsa shi ne riƙe inji a zafin da ya dace da shi, wato tsakanin digiri 80 da 90 ko sama da haka kaɗan.

Idan duk waɗannan sun daidaita, allura ta zauna a wurinta, sannan ne maganar taga take da amfani, kuma a nan wurin da aka yanka shi ne komai. Lokacin da mota take gudu, iska tana cin karo da gabanta ta taru da ƙarfi, wanda shi ne dalilin ajiye lagireto a nan. Daga nan sai ta haura kan bonet da sauri, kuma a ɓangaren gaba na bonet ɗin matsinta yana raguwa, ta yadda duk wata kafa da take wurin za ta riƙa zuƙo iskar ciki zuwa waje. Da ta isa gindin gilashin gaba kuma sai ta sake cin karo, ta sake taruwa. Wannan taruwar ce ta sa masu ƙera motoci suke sa mashigar iskar ɗaki a gindin gilashin. Lagireto ba ya samun iska sai matsin da yake gabansa ya fi na bayansa, don haka tagar da aka yanka a bayan lagireto kaɗan tana taimaka masa, ita kuwa wadda aka yanka kusa da gilashi tana iya tura iska ciki, ta cika ɗakin inji, ta rage wadda take ratsa lagireton.

Da wannan bayanin za ka ga aibin shawarar washa. A tsaye, ko a tafiyar hawainiya, zafi zai fita ta nan kamar yadda hayaƙin madafa yake fita ta kafar sama, kuma shi ya sa masu yin hakan suke rantsuwa cewa yana aiki. Amma da ka hau titin Zariya ka ba ta wuta, iskar za ta juya. Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan: robar da take bayan bonet an sa ta ne don ta raba ɗakin inji da mashigar iskar da kuke shaƙa, kuma idan aka ɗaga wurin, duk hayaƙin da ya tsere daga salansa ko turbo yana da hanyar shiga inda direba yake zaune. Ban yarda da wannan shawarar ba ko kaɗan.

Domin sanin wurin da ya dace a motarka, akwai gwaji mai arha. Ka yanka zaren ulu gajeru, ka manna su da salatif a layi-layi a kan bonet, ka sa wani ya zauna a gefenka ya ɗauki bidiyo da waya yayin da kake tafiya a titi mara cunkoso. Inda zaren ya kwanta sumul yana kallon baya, iska tana wucewa da sauri. Inda ya riƙa rawa ko ya juyo gaba, kamar yadda za ka gani kusa da gilashi, ba wurin taga ba ne. Bayan haka ka ɗaga bonet ka dubi abin da yake ƙarƙashin wurin da ka zaɓa, domin daminar Kaduna ba wasa ba ce, kuma ruwan watan Agusta zai bi duk kafar da ya samu. Kada taga ta kasance a saman batir, ko akwatin fis, ko altaneta, ko kwamfutar inji, kuma mafi muni a kusa da bakin da inji yake shaƙar iska, domin ruwa idan ya shiga silindar injin gas yana iya lanƙwasa ƙarfen fistin nan take. Taga mai leɓuna da suka karkata baya, da raga a ƙarƙashinta, da ɗan faranti mai karkatar da ruwa gefe, ita ce ta dace. Masu aikin ƙarfe na Panteka za su iya ƙera irin wannan farantin idan ka kai musu awo. Ka gargaɗi mai yankan kada ya taɓa haƙarƙarin ƙarfen da yake cikin bonet, wanda shi ne ƙarfinsa kuma an tsara yadda zai naɗe idan an yi karo, sannan a shafe bakin yankan da fenti mai hana tsatsa a ranar.

A ganina ma, tun da tiyoyi ne suke damunka, kuɗinka zai fi amfani idan ka tare zafin daga tushensa. Ka tabbata farantin kariyar da yake kan turbo da bakin salansa yana nan, ka naɗe wayoyin da suke kusa da su da rigar hana zafi, kuma idan ka sauka daga doguwar tafiya da kaya ka bar inji yana aiki minti 1 zuwa 2 kafin ka kashe, domin baƙin mai ya ci gaba da zagaya turbo har ya huce, maimakon ya tsaya ya ƙone a cikinsa.

Tambaya: Malam, Hilux ɗina tana da wani baki a tsakiyar bonet yana kallon gaba. Ko zan iya juya shi baya domin ya riƙa fitar da zafi? Daga wani mai karatu a Kakuri.

Amsa: Kada ka juya shi, Malam. A Hilux masu injin gas da turbo da aka yi tsakanin 2005 da 2015, wannan bakin yana kai iska ne ga intakula da aka ɗora a saman inji, wato na'urar da take sanyaya iskar da turbo ya matsa kafin ta shiga silinda. Idan ka juya shi, iska mai zafi za ta riƙa shiga injin, ƙarfinsa ya ragu, zafin hayaƙinsa ya ƙaru. Abin da ya kamata ka duba shi ne robar da take haɗa bakin da intakula a ƙarƙashin bonet, domin idan ta yage iskar za ta zube gefe, sannan ka wanke ramukan intakular da ruwa mara ƙarfi bayan kowane hunturu.