Kafireta na ambaliyar mai: allura ce?

Malam, ka ce Peugeot 504 ɗinka tana warin fetur da baƙin hayaƙi, kafireta kuma na jiƙewa. Don Allah kada ka hau titi da ita haka, saboda gobara. Yawanci allurar da ke tsayar da mai ce ba ta rufewa.

Bari inji ya huce. Cire murfin kafireta, kife shi yadda fulot, wato abin da ke yawo a saman mai a cikin kafireta, zai danne allurar, sannan ka hura iska ta mashigar mai. In ta wuce, allurar na yoyo. Duba bakinta: in ya cinye, sai sabuwa tare da mazauninta. In datti ne, wanke, ka canja filtar mai.

Girgiza fulot ɗin ma. In ka ji mai a cikinsa, ya huje, shi za ka canja.