Amsar tambaya kan lig ɗin ƙwallon Gaelic da hurling na Ayalan

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Wannan amsa ce ga ƙanena da ya yi tambaya jiya da daddare, wai wannan ƙwallon da nake ta sawa a status da ake kamawa da hannu, da ɗayan na sanduna wato hurling, ya ji ance an fara lig, shin wanda ya ci lig ɗin shi ne zakaran Ayalan kamar yadda ake yi a Firimiya, kuma wace ƙungiya zai bi. Toh rubutu ba zai yi ba shi yasa na yi murya, ku yi haƙuri za ta ɗan ja.

A'a ƙanena, wanda ya ci lig ba shi ne zakara ba, kuma in ka ɗauki idon Firimiya ka kalli teburin nan wallahi zai yaudare ka. Nan Ayalan kaka kashi biyu ce ga ƙungiyoyin gundumomi. Lig daga ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, sannan babbar gasa wadda take farawa da kofunan larduna huɗu, Leinster, Munster, Connacht da Ulster, ta ƙare da wasan ƙarshe na All-Ireland a filin Croke Park da ke Dublin, filin da yake cin mutum sama da 82,000. Da a watan Satumba ake wasan ƙarshen, tun 2022 aka dawo da shi Yuli domin a bar wa kulob-kulob na unguwanni da ƙauyuka ragowar shekara. Kofin da kowa yake mafarki a ƙwallon shi ne Sam Maguire, a hurling kuma Liam MacCarthy. Lig kamar sharar gona ce, ba wanda ya isa ya ce ba aiki bane, amma ba a auna manomi sai damina ta wuce an ga rumbu.

Kafin in yi nisa bari in koya maka karanta sakamako don shi ne yake fara rikita baƙo. Turakun kamar harafin H suke, akwai raga a ƙasa da gola. In ƙwallo ta shiga raga maki uku kenan a ɗaga koriyar tuta, in ta bi ta saman ƙarfe tsakanin dogayen turakun maki ɗaya a ɗaga fara. Mutum biyu ne a kowace raga sanye da farar kwat kamar likitoci, aikinsu kenan. Toh in ka ga an rubuta 1-12 ba ci ɗaya da sha biyu bane, raga ɗaya ce da maki 12, jimla 15, don haka mai 0-16 ya cinye shi duk da bai taɓa raga ba. Mutum 15 ne kowane ɓangare, minti 35 sau biyu. A ƙwallon taku huɗu kawai zaka yi da ita a hannu sai ka buga ta a ƙasa ko ka sake ta kan ƙafa ka cafe. Sannan a 2025 wani kwamiti ƙarƙashin Jim Gavin, tsohon kocin Dublin, ya kawo sabbin dokoki, yanzu in ka buga daga wajen layin mita 40 ta bi sama maki biyu ne da tuta ruwan lemo, kuma dole kowace ƙungiya ta bar mutum uku a gaba, ba damar kowa ya koma gida a tare ƙofa. Ni dai a ganina wannan ya ceci wasan, domin kafin nan akwai wasannin da sai ka yi hamma, ana ta miƙa ƙwallo gefe da gefe minti uku ba wanda ya yi yunƙurin komai.

Toh lig ɗin ƙwallon rukuni huɗu ne, takwas-takwas, kowa zai buga wasa bakwai kacal, ba gida da waje, wata shekarar kana da huɗu a gida wata shekarar uku. Nasara maki biyu, kunnen doki maki ɗaya. Biyun sama su hau, biyun ƙasa su sauka, kuma biyun saman kowane rukuni su yi fainal. Gundumomin tsibirin 32 ne, har da shida na Ayalan ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya, a wannan wasan ba ruwansu da iyaka duk tare ake yi. Kilkenny ba sa shiga lig ɗin ƙwallon, su hurling ne kawai a ransu, sai Landan ta cike gurbin, eh Landan ta Ingila, 'yan Ayalan mazauna can, a rukuni na huɗu suke. Hurling kuwa tun 2025 aka mayar da shi rukuni biyar, na sama 1A ƙungiya bakwai, sai 1B, sai sauran.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Cork a hurling, 2025. Rabonsu da lig tun 1998, rabonsu da All-Ireland tun 2005, ga su da kofi 30 a tarihi, kaga irin ƙishin da mutanen garin suke ciki. Suka zo fainal ɗin lig a gidansu Páirc Uí Chaoimh suka lallasa Tipperary 3-24 da 0-23, tazarar maki goma, suka wuce suka ci Munster a hannun Limerick da bugun fenareti, kowa ya gama yarda bana tasu ce, duk inda ka juya jar riga. Ranar fainal ɗin All-Ireland da wa suka haɗu? Tipperary ɗin dai da suka yi wa dukan kawo wuƙa a Afrilu. Aka tafi hutun rabin lokaci Cork na gaba da maki shida, 1-16 da 0-13. Malam, aka dawo, minti 35 cur maki biyu kawai Cork suka ƙara, biyu fa, a wasan da ake cin maki kusan kowane minti. Aka tashi Tipperary 3-27, Cork 1-18. Kuma Tipperary ɗin nan a 2024 ko wasa ɗaya ba su ci ba a Munster, su ne na ƙarshe. Wanda ya tsaya a teburin lig da sakamakon bara ba zai taɓa hango wannan ba.

A ƙwallon ma haka. Mayo, waɗanda rabonsu da Sam Maguire tun 1951 sun kai fainal sau da yawa suna faɗuwa har abin ya zama abin tsokana, sun ci lig a 2023, bayan sati ɗaya tak Roscommon ta zo har gida Castlebar ta fitar da su daga kofin Connacht. Derry a 2024 ƙarƙashin Mickey Harte suka doke Dublin a fainal ɗin lig da bugun fenareti aka fara cewa ga sabbin sarakuna, wasan farko na Ulster Donegal ta zura musu huɗu a raga a gidansu, daga nan ba su ƙara miƙewa sosai ba, kocin ya tafi bayan kaka ɗaya, a 2025 suka sauka daga rukuni na ɗaya ba tare da cin wasa ko ɗaya ba. Sannan ka duba ɗaya gefen, Dublin da ta ci All-Ireland a 2023 a rukuni na biyu ta buga lig ɗin shekarar, Armagh da ta ci a 2024 ita ma rukuni na biyu, kuma ko fainal ɗin rukunin ba ta ci ba Donegal ce ta ci.

Amma fa kar wani ya ce na ce lig banza ce ko kuma cin ta mugun baki ne, wasu na faɗin haka a nan ni ban yarda ba. Kerry sun ci lig a 2025 suka zo suka ci All-Ireland, suka doke Donegal 1-26 da 0-19, kofinsu na 39 kenan, ɗan wasansu David Clifford yana ta zuba masu maki biyun nan. Clare a hurling 2024 duk biyun suka haɗa. Limerick ta koci John Kiely da ta ci All-Ireland ɗin hurling huɗu a jere daga 2020 zuwa 2023, ta haɗa da lig a 2020 da 2023. Abin da yake faruwa shi ne kowane koci da abin da ya zo nema. Wani yana gwada yara ne yana neman mutum biyu ko uku da zai ƙara, wani manyan 'yan wasansa ba su ma dawo ba sai tsakiyar Fabrairu, wani yana ba su horo mai tsanani a cikin sati suna zuwa wasa ƙafa a mace don Yuni yake hange, wani kuma burinsa kawai ya samu maki shida ya tsira ya huta. Shi yasa in zaka bi, jerin sunayen waɗanda aka sa ka fara dubawa kafin sakamako.

Inda wuta take a gaskiya, in kana son wasan da ba wasa a cikinsa, rukuni na biyu ne. Tun 2023 ƙungiya 16 kawai ke shiga neman Sam Maguire, takwas da suka kai fainal a lardunansu, da wanda ya ci kofin Tailteann a shekarar baya, ragowar kuma da matsayin lig ake ɗauka. Tailteann ɗin shi ne kofin 'yan dagaji, an fara shi 2022 Westmeath ta ci na farko. Toh kaga in ka yi sake a rukuni na biyu damina ta wuce ka tun a Maris. Meath a 2023 ba su ma sauka ba, na shida suka ƙare, amma da yake Clare da Sligo da suke ƙasa da su sun kai fainal a lardunansu sai suka ture su, babbar gunduma mai tarihi ta tsinci kanta a Tailteann. Suka haɗiye suka je suka cinye shi, bayan shekara biyu kuma su ne suka cire Dublin a Leinster, Dublin da ta ci lardin sau 14 a jere, har suka kai kusa da na ƙarshe a All-Ireland. Irin wannan labarin nake jin daɗin bi, ya fi min kallon manya suna gwaji.

Zancen wacce zaka bi kuma, nan ba a zaɓa fa, abin haihuwa ne. Ba sayen ɗan wasa, ba albashi, ƙungiyar GAA mai kula da wasannin nan tun kafuwarta a 1884 a garin Thurles a kan haka take, sai dai kuɗin mai da abinci da kayan wasa. Mutumin da mutum 82,000 suka yi wa tafi ranar Lahadi zaka same shi yana koyarwa a firamare, ko ɗan sanda ne, ko yana tatsar shanu a gonar babansa. Inda aka haife ka nan zaka buga ko da gundumarku ba ta taɓa cin komai ba. Kuma a lig aka fi ganin wannan, ka je ƙaramin fili ranar Lahadi a Fabrairu, sanyi kamar ya tsinke kunne, ruwa na zuwa ta gefe saboda iska, fili duk taɓo, tsofaffi da fulas ɗin shayi da burodi a naɗe, magoya bayan ɓangaren biyu a cakuɗe ba shinge ba ɗan sanda a tsakani, ana zagin alƙalin wasa tare. Da an busa hutun rabin lokaci yara su ɓarke cikin fili kowa da 'yar sandarsa suna buga ƙwallo har sai an kore su, an tashi kuma su sake komawa a sa musu hannu a riga. Kai da ba ka da gunduma kana da 'yanci, amma don Allah kar ka ce Kerry ko Dublin don kawai suna ci, ɗauki ɗaya a rukuni na biyu ka sha wahala da su.

In kuma tsakanin wasannin biyu ne, hurling ka fara da shi, ko ba ka gane doka ba gudun kaɗai zai riƙe ka. Sandar itace ce mai faɗin baki, ƙwallon 'yar ƙarama mai tauri kusan girman lemon zaƙi, mutum na gudu da ita a kan bakin sanda, wani ya ɗaga hannu tsirara ya cafe ta a sama sanduna uku na kaɗawa kusa da yatsunsa, sai 2010 ma aka tilasta wa manya sa hular kwano. Sai dai masu iya shi sosai ba su da yawa, Kilkenny mai kofi 36, Cork, Tipperary mai 29 zuwa 2025, Limerick, Clare, Galway, Waterford, Wexford da 'yan kaɗan. Kuma Munster ɗinsu mayanka ce, biyar ne uku kawai ke wucewa, Clare da ke riƙe da kofi a 2025 ta sauka daga 1A kuma ba ta fita daga Munster ba.

Kallo kuwa, tashar TG4 ce ta fi nuna lig amma da harshen Irish suke sharhi ba Turanci ba, kar ka ce wayarka ce ta lalace, RTÉ ma na nuna wasu da taƙaitaccen shiri ranar Lahadi da daddare. Ku da kuke waje akwai GAA+ na biyan kuɗi, in data ba ta kai ba gajerun bidiyo na YouTube sun isa. Wasannin yawanci Asabar da yamma ne da Lahadi da rana, kuma ka lura da agogo, a lokacin lig kuna gabanmu da awa ɗaya, in an ce ƙarfe biyu a nan ƙarfe uku kenan a Kano ko Maraɗi, sai Lahadin ƙarshe ta Maris in an canja agogo mu dawo daidai da ku. Zan riƙa turo jadawalin kowane sati a nan, wanda bai so ya yi haƙuri ya wuce. Sai an jima, a gaida mutan gida.