Amsa ga mai son sayen mota mai ƙofa biyu a Maradi

Salamu alaikum ƙanena. Ka ce kana da shago a babbar kasuwa, ka tara kuɗinka, ranka na son Mustang ko Nissan 350Z, amma Baba ya ce za a ɗauke ka ɗan ƙwaya, kuma kana tsoron gidan da kake neman aure su ji labari. Tambayarka ita ce ko surutun ya isa ya hana ka saye.

Fara da gane abin da mutane ke ƙi, domin ba tsada ba ce. Land Cruiser V8 da Alhazan garin nan ke hawa ta ninka tsohuwar 350Z kuɗi sau da yawa, ba wanda ke cewa uffan, sai ma a ce Allah ya ƙara buɗi. Dalili shi ne V8 kowa yana ganin amfaninta: ta kai iyali Tibiri gaisuwa, ta ɗauki mara lafiya zuwa likita da tsakar dare, ta ɗauki buhun hatsi daga Dakoro, ranar biki ta ɗauki amarya da gwaggonninta. Mota mai kujera biyu kuwa, a idon mutanenmu, cewa take yi "ni kaɗai". A garin da ake auna arziki da yawan waɗanda suka ci albarkacinsa, wannan shi ne laifinta na farko. 350Z kujera biyu gare ta tak. Mustang da Toyota GT86 suna da kujerun baya, amma babban mutum da babbar riga ba zai shiga ba sai an kwantar da kujerar gaba ya sunkuya, kuma ba dattijon da zai yarda ya yi haka a bainar jama'a.

Na biyu, asalin kuɗi. Alhaji mai shekara sittin an san tirelolinsa, an san sito nasa. Saurayi ɗan shekara ashirin da takwas da jar mota mai ƙara, idan ba a san sana'arsa ba, mutane za su cika gurbin da kansu: damfarar intanet, ƙwaya, fasa-ƙwauri, ko gadon da ake ƙonawa. A nan kai kana da sauƙi tunda shagonka a fili yake. Masu binciken aure liman suke tambaya, da maƙwabta, da abokan kasuwa, da ƴan fadar da kake zama. Idan waɗannan huɗun sun ba da shaida mai kyau, motar ba za ta rusa maganar ba. Abin da zai iya rusa ta shi ne a ji ka sayi mota alhali kana haya, ko ana bin ka bashin kaya, ko rufin ɗakin tsohuwa na yoyo. Wannan za a kira shi almubazzaranci, kuma gaskiya ba a yi maka ƙarya ba.

Ta fuskar addini, malamai ba su haramta mota don siffarta ba. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya bambanta son abu mai kyau da girman kai, ya ce girman kai shi ne ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane. Motar hawa ma ba zakka a kanta. Amma wannan ba zai hana a yi wa'azi kana zaune a sahu kowa ya san da wa ake ba.

Sai na uku, wanda ya fi sauran ƙarfi: wake ɗaya shi ke ɓata gari. Masu wasan mota ranar ɗaurin aure, masu juya ta a tsakiyar titi har taya ta yi hayaƙi, masu yanke salansa, su suka jawo wa irin waɗannan motoci suna. Wannan ɓangaren a hannunka yake. Kada ka taɓa salansar da kamfani ya sa. Masu gyara za su ce a cire tukunyar da ke tace hayaƙi don ƙarin ƙarfi. Abin da za ka samu shi ne fitilar inji a kunne kullum, warin hayaƙi, da ƙarar da za ta tashi jariran unguwa. Ka sani kuma injin V8 irin na Mustang idan ya kwana, farkon tashinsa da safe yana ɗaga murya kusan rabin minti kafin ya sauka, ko da salansar asali ce. Idan gidanku na jikin masallaci, kada ka tayar da ita lokacin da ake salla. Baƙin gilashi mai duhu sosai ka bar shi, don shi ke sa a ce akwai abin da ake ɓoyewa, kuma shi ke sa ƴan sanda da jandarma su tsayar da kai a kowane shinge. Makulli kuma ba a ba da aronsa. Waɗannan motoci tayoyin baya ke turawa, idan aka taka wuta a kan yashin da iska ta kwaso kan gudron, bayan motar ne ke zamewa gefe. Wanda ya saba da Corolla bai san wannan ba sai ya faru. Akwai maɓallin da ke kashe na'urar hana zamewa. Yaran da ke son burgewa shi suke fara dannawa. Idan abokinka ya buge ɗan kabu-kabu, sunan mai mota za a kira a gari.

Yanzu ga abin da ban ga ka tambaya ba, kuma shi ya fi surutu cin kuɗi.

Tsayin ƙasan mota. Irin waɗannan tsakanin cikinsu da ƙasa santimita 12 zuwa 14 ne, Hilux ta haura 20. Tudun rage gudu da mutanen unguwa ke yi da kansu ba shi da ma'auni, wani ya fi haka tsayi. Abin da ke fara tafiya shi ne leɓen bamba na gaba, sai robar da ke rufe ƙasan inji, sai salansa, in an yi rashin sa'a kaskon man inji ya fashe. Idan ya fashe mai zai tsiyaye cikin ƴan mintoci, in ba ka kashe inji nan take ba ka yi asararsa gaba ɗaya. Ana hawa tudu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, da tafiyar ƙafa. Kafin ka biya ko dala, je ka duba hanyar ƙofar gidanku da gangaren shiga gareji da ma'auni a hannu. Idan layinku yashi ne, kamar yawancin lungunan da ke bayan manyan tituna, da damina kuma ruwa na kwanciya, wata uku motar a ajiye za ta yi. Kada ka shiga ruwan da ya kai rabin taya, don bakin shan iskar injin a ƙasa yake, in ya zuƙi ruwa sandunan fistin lanƙwashewa suke.

Taya. Lambar 245/40 R18 na nufin kaurin gefen tayar kashi 40 cikin ɗari na faɗinta, wato wajen milimita 98. Ta Corolla, 195/65 R15, ta kai 127. Wannan bambancin shi ke tsakanin ramin da za ka wuce da ramin da zai kumbura taya ya lanƙwasa wili. A doguwar hanya irin ta Zinder ko Konni, rami ɗaya a gudun 110 ya isa. Girman nan ba kowane mai taya ke da shi ba, sau da yawa sai an aika Kano ko Yamai, kuma da yawansu tayoyin baya sun fi na gaba faɗi, ba a musanya su. Wasu ma ba su zuwa da safaya. Idan motar na karɓar wili mai inci 17, sa shi, ka samu ƙarin kauri.

Mai. 350Z da GT86 da motocin Jamus masu turbo an ƙera su ne don fetur mai oktan 95 zuwa 98, wato lambar da ake auna ingancin fetur da ita. Idan man ya gaza, kwamfutar inji na jin ƙwanƙwasa ta rage ƙarfi don kare shi, ka biya kuɗin doki ka hau jaki. Da zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, abin ya fi tsanani. Mustang mai lita 5.0 ta fi haƙuri da man gama-gari, sai dai a cikin gari tana shan lita 15 ko fiye a kilomita 100, kusan ninkin Corolla. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa kada ya shiga tankinta ko sau ɗaya. Ƙura da ruwan da ke ciki famfon mai da injekta suke kashewa. Baƙin mai kuma sai wanda ake kira sintetik, mai lambar da littafin motar ya faɗa. Mustang mai lita 5.0 na cin baƙin mai wajen lita 7 da rabi zuwa 9 da rabi gwargwadon shekararta, Corolla lita 4. Da ƙurar hunturu kada ka jira kilomita 10,000 da ake rubutawa don Turai, canza a 5,000, ka duba matatar iska duk wata.

Makanike. Gwanayen garin nan a Toyota da Peugeot da manyan motoci suka ƙware. GT86 tambarin Toyota gare ta amma injin na Subaru ne, kwantacce, canza buji kaɗai sai an ɗan ɗaga injin. Motocin BMW kayan ruwansu roba ne, zafi na busar da su su tsage ba gargaɗi. Nemo mai na'urar karanta kwamfutar mota tun kafin saye, ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe irinta. Ka ajiye kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin motar gefe don shekarar farko. Babu abin da ke tabbatar wa mutane zarginsu kamar su ga jar motar nan wata shida a ƙarƙashin dalbejiya, taya a sace, akuyoyi na kwana a inuwarta.

Wajen saye, yawancin Mustang da Camaro da Challenger da ke shigowa yankinmu daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka suke, wato masu haɗari ko waɗanda ambaliya ta ci. Karɓi lambar shasi mai harafi da lamba 17, a bincika ta a intanet, sau da yawa har hotunan ranar gwanjo za su fito. Ɗaga kafet ka shinshina, duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru, tabbatar fitilar jakar iska na kunnuwa ta mutu da kanta. Takardar duwan ta zama ta gaskiya kuma lambar shasin ta dace da ta kart giriz, domin motar da kowa ke kallo ita ake fara tambaya takardu. Binyet da inshora ma da ƙarfin inji ake lissafa su, naka zai fi na maƙwabcinka.

Sayarwa ita ce ta ƙarshe. Corolla ko Hilux ka kai wa dillalai yau, kafin sati ta tafi. Wannan masu sonta a Maradi ƴan kaɗan ne, kuma mai saye zai ɗauka an wahalar da ita ko da ba ka taɓa wuce 80 ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Idan ita ce za ta zama motarka ɗaya tilo, ban ba ka shawara ba. Idan akwai wata a gida da ke ɗaukar tsofaffi da kaya, saye ba laifi, ka zaɓi fara ko ruwan toka maimakon ja. Idan kuma ƙarfin inji kake so ba siffa ba, duba Lexus IS 350 ko GS 350: ƙofa huɗu, V6 mai lita 3.5 da ƙarfin doki wajen 300, daidai da 350Z, kayan gyaranta na dangin Toyota ne, Baba kuma zai iya zama a baya da babbar rigarsa ranar Juma'a. Ita ma ƙasa gare ta, sai ka auna gangaren garejin tukuna.